Shaidar da Na Ba wa Karen Abhur

Ni direba ne. Abin da aka rubuta a iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ke nan, kuma shi na shekara tara ina yi a wani gida a Abhur, can arewacin Jidda inda manyan gidaje suke kusa da teku. Ban taɓa zaton zan wayi gari riƙe da igiyar kare ba. A ƙauyenmu mafarauta ne kaɗai suke da karnuka, kuma ko su ba sa barin su shiga ɗaki.

'Yar gidan ce ta kawo shi. Ta kusa talatin, tana aiki a kantin magani, kuma tun tana jami'a ni nake kai ta, shi ya sa take ce mini ammi, wato baffa. Wata ƙawarta ce za ta bar ƙasar, ta bar mata shi. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, kansa kamar turmi, launinsa ƙasa-ƙasa da ɗan fari a maƙogwaro. An datse masa kunnuwa tun yana ɗan kwikwiyo, don haka ko barci yake yi sai ka ga kamar fushi yake. Larabawa suna ce wa irinsa bitbul. Ranar da ya iso, mai dafa abinci ta kulle kanta a kicin, ta ce ta gani a waya, irinsu in suka kama mutum muƙamuƙinsu kullewa yake yi, ba sa saki sai an kashe su. Maigidan ya ce a ajiye shi a bayan gida, kusa da ɗakina, kada ya gan shi kada ya ji shi.

Ni ma na ji tsoronsa, amma yawunsa ya fi haƙoransa damuna. Ni mutum ne mai waswasi tun ina yaro. Nakan sake alwala sau uku don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannuna. Nakan kulle mota, in yi nisa, in dawo in taɓa ƙofar. Karatuna bai wuce firamare da na allo ba, saboda haka abin da na ji daga bakin malami shi nake riƙewa da hannu biyu. A gida an koya mana cewa in kare ya sa baki a ƙwarya, a wanke ta sau bakwai. A masallacin unguwarmu na nan kuma na ji an ce ko jikinka ko rigarka yawun ya taɓa, wanki bakwai ne, ɗaya da ƙasa. Na rasa wanda zan bi, sai na ɗauki mai tsananin. Na ce in kuskure zan yi, gara in yi shi ta wajen yawa.

Mun shekara muna maƙwabtaka da shi, bango ɗaya tsakaninmu. A shekarar nan ban taɓa jin ya yi wa mutum gurnani ba. Magunan titi, waɗannan ramammun na Jidda, sukan tsallako katanga su ci abincinsa, shi kuwa ya koma gefe ya zauna yana kallonsu har su gama. Yakan kwanta inda ruwan na'urar sanyaya ɗakina yake ɗiga, ya bar ɗigon yana sauka a tsakar kansa. In na fito sallar asuba sai ya tashi ya raka ni har ƙofa, amma daga nesa, don ya gane ba na son ya matso. Ban san yadda ya gane ba. Sunansa na Turanci ne, harshena bai taɓa iya shi ba. Kai kawai nake ce masa, kuma yana amsawa.

Akwai wani lambu da aka kewaye da waya, ba nisa da mu, inda masu karnuka suke kai su da yamma su yi gudu. Ciyawar roba ce a shimfiɗe, da bencuna, da famfo ɗaya a jikin waya. Da can 'yar gidan ce take kai shi da kanta. Da aka canja mata lokacin aiki, sai ta roƙe ni in riƙa kai shi sau biyu a mako a tsohuwar wanet ɗin gidan, motar ɗaukar kaya. Ta san halina, har safar hannu ta saya mini. Ban iya ce mata a'a ba.

Mai gadin ƙofar lambun Bahaushe ne, amma haifaffen Jidda. Kakansa ne ya zo hajji a ƙasa bai koma ba. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci. Ranar farko ya dube ni, ya dubi karen, ya fashe da dariya.

"Ya Hajj, kai da safa, shi da takunkumi. To wane ne yake tsoron wane?"

"Aiki aka sa ni," na ce.

"Halas, shiga. Amma ka ji sharaɗi. Igiya a hannunka, kullum kullum. Takunkumi ba a cirewa sai shan ruwa. Mutanen nan sun yi wata guda suna faɗa a waya a kan wannan ɗan naka. Rabi sun ce a kore shi, rabi sun ce bai yi komai ba. Ni dai, wallahi, ƙananan karnukan nan masu ribbon su suka fi cizona. Sau biyu. Shuf."

Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini tabo a ƙwauri.

Gaskiya ya faɗa game da mutanen. Da mun shigo sai hira ta tsaya. Mata su sunkuya su ɗauke 'yan karnukansu su rungume. Akwai wani farin kare babba, mai gashi kamar auduga da shuɗayen idanu, na wani saurayi. Haski suke ce wa irinsa, ni da farko na ɗauka haske suke cewa saboda farinsa. Shi kowa yana shafa shi, ana ɗaukar hoto da shi. Sau biyu na gan shi ya danne ƙaramin kare da ƙirji yana buɗe haƙora, aka yi dariya aka ce wasa ne. Namu kuwa ko atishawa ya yi a cikin takunkumi sai an waiwayo. Muna zama a bencin ƙarshe, ni da shi, mu yi awa ɗaya mu tafi. Wata huɗu muna haka.

Ranar da abin ya faru zafi ya yi yawa, irin mai ɗanshin nan da riga take manne wa baya. Na manta safar a ɗaki. Magariba ta kusa, karen yana haki, sai na cire masa takunkumi na zuba masa ruwa a kwanonsa. Ya sha, ya ɗago kai, ya lashe bayan hannuna tun daga yatsu har wuyan hannu. Bai taɓa yi ba. Ina ganin godiya ce.

Na ɗaga hannun sama kamar ba nawa ba. Abin da ya zo mini shi ne saura kaɗan a kira salla, kuma in na riƙe igiya da hannun, igiyar ta ɓaci, in na taɓa aljihu, rigar ta ɓaci, ga makullin mota, ga sitiyari. Na rataya madaukin igiyar a hannun benci da hagu. Ban ɗaure ba, ratayawa kawai na yi. Takunkumin ma na bar shi a kan bencin, don mayar da shi sai da hannu biyu. Na ce masa, "Kai, zauna," ya zauna. Na tafi famfo. Babu ƙasa a lambun sai wadda take a gindin wayar, na kanƙaro kaɗan da farce na goga, na fara wanki ina ƙirgawa.

Daga famfon ana ganin filin duka. Ina wanki na huɗu na ɗaga kai na ga farin karen yana bin wata 'yar ƙaramar karya ta wata dattijuwa, wadda ba ta fi girman zakara ba. Namu yana zaune a gindin benci, can nesa da su. Na sunkuyar da kai na duba ko ruwan ya kai wuyan hannu. Da na sake ɗagowa, karyar tana bakin farin karen, yana girgiza ta kamar tsumma. Ya yar da ita ya ruga. A lokacin ne namu ya tashi, igiya ta zame daga benci, ya nufi wurin a guje.

Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Ina kan wanki na biyar. Na ga ya tashi, na san abin da ya kamata in yi, amma na tsaya na ƙarasa biyun da suka rage. Zuciyata ta ce mini in na katse sai na sake daga farko. Bai ɗauki lokaci ba, amma kafin in isa har dattijuwar ta fara ihu, mutane sun juyo, wayoyi sun fito. Abin da suka gani, kuma abin da wayoyin suka ɗauka, shi ne bitbul ba takunkumi ba mai riƙe da shi, tsaye a kan 'yar karya yana lasar wuyanta, bakinsa duk jini. Farin karen yana can bayan mai shi, jinin da ke haɓarsa ya riga ya goge a ciyawa ko ya lashe, ban sani ba.

Na kama igiyar na ja shi. Bai yi gardama ba. Aka kewaye mu. Wani ya jefe shi da robar ruwa. Mai gadin ya kutso yana cewa a yi haƙuri, a saurara, kyamarar wurin ƙofa kawai take kallo, amma ga wanda yake tsaye a famfo. Ya juyo gare ni da Hausa.

"Ya Hajj, ka gani? Faɗa musu. Yalla, da ƙarfi."

Na faɗa da Larabcina na direba. Na ce ba namu ba ne, farin ne ya kama ta, namu daga baya ya zo. Sannan na rufe da cewa, "Wallahu a'alam."

A wajenmu, mutum mai ladabi in ya faɗi magana mai nauyi yakan rufe ta da haka, ko da ya tabbata. Mahaifina ko shekarun gonarsa aka tambaye shi sai ya ƙara da wallahu a'alam. Tawali'u ne, ba ya rage wa maganar komai. A bakin mutanen Jidda kuwa, kalmar nan ita ce abin da mai kanti yake ce maka in ka tambaye shi yaushe kaya za su iso. Nufinta a wajensu shi ne "ban sani ba". Na san haka sarai, shekara tara ina jin ta, amma harshena ya riga ni.

Saurayin mai farin kare ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a. "Kun ji? Allahu a'alam! Shi kansa bai sani ba."

Mai gadin ya dafe kai. "La, la, ba haka yake nufi ba. Haka suke magana a can. Ya Hajj, gyara!"

"To ya rantse," in ji saurayin. "Ka rantse da Allah ka ga karena ya fara kama ta. Da idonka, daga farko."

Dattijuwar tana durƙushe da karyar a cikin abayarta, ta ɗago tana kallona, kuma na ga a fuskarta cewa in na rantse za ta yarda. Na buɗe baki. Sai na tuna sunkuyar da kan da na yi. Ban ga lokacin da haƙori ya fara shiga ba. Na ga kafin, na ga bayan. Namu yana gindin benci, ko tsuntsu ne ba zai je ya dawo a ƙiftawar nan ba. Amma wannan lissafi ne na hankali, shi kuwa cewa ya yi da idonka, daga farko. In na rantse a kan abin da ban gani ba fa? Na tsaya ina auna kalmomin, ina neman yadda zan jera rantsuwar ta zama daidai ba ƙari ba ragi. Mai gadin yana taka mini ƙafa yana cewa, "Ka ce wallahi kawai, ya sheikh, kalma ɗaya ce." Jinkirin nan bai kai minti ɗaya ba. Dattijuwar ta sunkuyar da kai, ta tashi da karyarta, aka kai ta mota.

Karyar ta mutu a wajen likita. Washegari aka liƙa takarda a ƙofar lambun cewa an hana irin namu shiga gaba ɗaya, har da wasu biyu da suke zuwa da safe, waɗanda ba su ma san abin da ya faru ba. Hoton ya yi ta yawo a wayoyi har ya iso wajen maigidan ta hannun maƙwabcinmu, mai jikoki ƙanana. A garinmu in akuya ta ɓata ba a bincike, kura ce.

'Yar gidan ba ta yi mini faɗa ba. Na gaya mata abin da na gani, ta ce ta yarda, ta sani. Ita da mahaifinta suka yi kwana uku ba sa cin abinci tare. Ni kuma kwana ukun nan na yi su ina juya maganar, har na samo rantsuwar da zan iya yi: wallahi na ga karyar a bakin farin kare alhali namu yana gindin benci. Gaskiya ce tsantsa, kuma tana nan tun ranar, ban gan ta ba ne. Da maigidan ya kira ni falo, na tsaya a bakin kafet na rantse masa da ita ba tare da ya nema ba.

Ba mugun mutum ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Na yarda da kai," ya ce. "Amma a can ya kamata ka faɗa. Yanzu wa zan bi gida gida in gaya wa direbana ya rantse? Dubi kan karen. Kowa ya ga hoton ya gama hukunci."

Ya gaya wa 'yarsa cewa wani abokinsa mai gona a bayan gari zai karɓe shi, akwai fili, akwai masu kula. Ni kuma ya ce mini babu wata gona. Ya tambayi mutum uku, duk sun ƙi da suka ji irinsa. Ya ce gobe in ta tafi aiki in ɗauke shi in bi hanyar Usfan, in yi nisa, in cire masa abin wuya, in sauke shi. Ya ce makiyaya suna son karnuka, wani zai ɗauka.

Na yi tunanin kai shi unguwar Mahjar wajen 'yan garinmu, amma mutum shida ne a ɗaki ɗaya, kuma ko zancen na yi sai sun ce na taɓu. Na kira mai gadin lambun, ya ce shi a bene yake da mahaifiyarsa, ina zai sa shi. Na yi tunanin in ƙi. Ban ƙi ba. Maigidan shi ne kafilina, zamana a ƙasar nan a hannunsa yake, kuma ban saba ce masa a'a ba.

Washegari karen ya hau wanet da murna, ya ɗauka lambu za mu. Na yi tafiyar kusan awa ɗaya, na sauka daga kwalta, na tsaya a gindin wata bishiyar ƙaya. Na ajiye masa baho cike da ruwa da buhun abincinsa a buɗe. Na cire abin wuyan. Ya tsaya yana kallona yana kaɗa wutsiya, ya ƙi matsawa daga jikin mota. Sai na ɗauko ƙwallonsa na roba na wurga da iyakar ƙarfina. Da ya bi ta, na shiga na tayar. A madubi na gan shi yana bin motar da ƙwallon a baki, har ƙura ta rufe shi.

Kwana tara tana tambayar mahaifinta yaushe za a kai ta gonar, yana cewa sai abokin ya dawo daga tafiya. Ran na goma motarta tana gareji, na ɗauko ta daga aiki da azahar. Muna tsaye a danja ta ce, "Ammi, wurin da ka kai shi akwai inuwa? Ba ya jure rana."

Na riƙe sitiyari. Da na ce akwai, da ban yi ƙarya ba, bishiyar tana da 'yar inuwa. Amma na san abin da take tambaya. Na gaya mata duka, har da ƙwallon. Da aka ba mu hannu, sai ta ce, "Juya."

Mun sami bishiyar. Bahon ya bushe, iska ta kifar da shi, buhun babu komai. Ta yi ta kiran sunansa tana zagayawa cikin rana har muryarta ta dushe. Can gaba muka hango garken tumaki da wani makiyayi zaune a inuwar tankin ruwa. Muka je, ta nuna masa hoto a waya.

"Na gan shi," ya ce. "Kwana uku yana zuwa wajen kwamin ruwa. Muna jifansa yana dawowa."

"Ya kama muku wani abu?" ta tambaya.

"A'a. Ruwa yake so. Har kwanciya yake yi in na ɗaga dutse." Ya gyara rawaninsa. "Amma na aika wa mai garken hotonsa, ya ce irin wannan ba a jira sai ya kama. Ya zo da bindiga shekaranjiya."

Ta tambaye shi ina. Ya nuna wani kwari da haɓa. Na ce mata ta jira a mota, ta ƙi shiga, amma ta tsaya a inda take. Na gangara ni kaɗai. Warin ne ya kai ni wurin. Na tsaya na duba da kyau, kunnuwan, da farin maƙogwaron, sannan na hauro.

"Shi ne?" ta ce.

"Shi ne."

Babu shebur a motar. Muka gangara tare muka yi ta ɗauko duwatsu muna jerawa a kansa, duwatsun suna ƙona mana hannu. Makiyayin yana kallonmu daga nesa, daga baya ya kawo mana ruwa a gwangwani. Ba mu gama ba sai bayan la'asar.